Babi na Shida: Gurbin Alade a Littafin Asibiti

A cikin kundin lambobin cututtuka da asibitocin Amurka ke aiki da shi tun ranar 1 ga Oktoba, 2015, akwai wata lamba, W55.41XA. Duk wanda aka rubuta masa ita, alade ne ya cije shi, kuma yanzu ake yi masa maganin farko. Idan ba cizo ba ne, bangaje shi aladen ya yi, sai a rubuta W55.42XA. Idan kuwa yawun dabbar ne ko fitsarinta ko kashinta ya taɓa shi, akwai W55.49XA. Harafin ƙarshen nan ma da aikinsa. A na nufin ciwon ɗanye ne, D na nufin mutum ya dawo wanki ko cire zare, S kuma na nufin ciwon ya warke amma ya bar masa wata tawaya.

Da kundin ya fito, jaridun ƙasar sun yi ta raha da shi, don har da lambar wanda agwagwa ta buge da ta wanda injin jirgin sama ya zuƙe. A ƙasar Haɗeja kuwa abin da za a fara tambaya shi ne, aladen wa? Ka tashi daga Kafin Hausa ka bi ta Auyo, ka ratsa birnin Haɗeja ka nufi Kirikasamma da Guri, za ka ga shanu garke-garke, da tumaki da awaki da jakuna da raƙuma, ka ga agwagi a bakin kududdufi, amma da wuya idonka ya faɗa kan alade ko ɗaya. Ƙasar Musulmi ce, haramcin namansa kuma ya zo a wuri huɗu cikin Alƙur'ani, a surorin Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahl. Ma'aikacin ɗakin kati zai iya shiga aiki da ƙuruciyarsa, ya aje da furfura, bai taɓa buƙatar wannan lamba ba. Game da cizo ke nan. Game da sauran abin da alade ke jawowa, maganar ba ta tsaya nan ba.

Lambobin nan daga ƙidayar matattu suka samo asali. A shekarar 1662 wani ɗan kasuwa a Landan mai suna John Graunt ya tattara takardun mace-mace da birnin ke fitarwa duk mako, ya zauna ya lissafa abin da ke kashe mutane. Waɗanda ke duba gawa su faɗi sanadi a wancan zamani ba likitoci ba ne, tsofaffin matan unguwa ne. Cikin sanadan da suka riƙa faɗa akwai baƙin ciki, akwai tsoro, akwai kuma haƙori, wanda aka ɗora wa mutuwar yara masu yawa. Duk wanda ya taɓa jin kaka ta dubi jikanta yana zawo da zazzaɓi ta ce “haƙori ne, zai wuce”, ya san ba mu da bakin yi wa Turawan wancan lokaci dariya. A 1893, a wani taron masana ƙididdiga a Chicago, aka amince da jerin da Jacques Bertillon, shugaban ofishin ƙididdiga na birnin Paris, ya tsara, don ƙasashe su riƙa kiran sanadin mutuwa da suna ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi aikin a 1948, ta shigar da cututtukan da ba sa kisa, kundin da ake kira ICD ya ci gaba da kumbura. Bugu na goma, wanda aka amince da shi a 1990, yana da lambobi wajen 14,000. Na goma sha ɗaya an amince da shi a watan Mayun 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2022.

Amfaninsa a fili yake. Likitan Haɗeja da Turanci yake rubutu, na Diffa can ƙasan kogi da Faransanci, na Alƙahira wataƙila da Larabci, amma a bugu na goma B50 zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ne a wurinsu duka, A00 kwalara ce, B65.0 kuma tsargiya ce. In rauni ne, lamba biyu ake so. Ta farko ta faɗi abin da ya sami jiki, misali S81, buɗaɗɗen ciwo a ƙwauri. Ta biyu ta faɗi abin da ya jawo shi. Ta farkon ta likita ce, da ita zai yi magani. Ta biyun ta hukuma ce, don ita ce za ta nuna ko karnuka ne suka yi yawa a gari, ko hanya ce ta lalace, ko wata dabba ce ta addabi manoma. Saboda haka lambar alade ba ta taɓa tsayawa ita kaɗai a fayil, kullum bayan lambar ciwon take zuwa.

A bugu na goma na kundin Hukumar Lafiya ta Duniya ɓera yana da W53, kare yana da W54, duk sauran dabbobi masu shayarwa an tura su W55 a dunƙule. Amurkawa ne suka yayyanka W55 ɗin, a cikin nasu kundin mai lambobi wajen 70,000. Kyanwa ta sami gurbinta, doki ya samu, saniya ta samu, alade ya samu, har da rakun, wata 'yar dabbar dawa mai tonon bola da dare. Jaki da raƙumi kuwa an cusa su tare da akuya da tunkiya a gurbin sauran masu kofato. Wanda ya taɓa ganin hannun da raƙumi ya tauna lokacin barbara, ƙashi a murƙushe, zai ce ba a yi adalci ba. Ni ban ga abin ƙorafi ba. Kowa da abin da ke cizonsa yake tsara littafinsa. Laifin da za a iya kama mu da shi shi ne ɗaukar littafin wani ba tare da mun tsaya mun ƙirga namu masu cizon ba.

To, yaya ake ƙirgar? Ka je kowane babban asibitin gwamnati da safe ka tsaya kusa da tagar yankar kati. Layin maza daban, na mata daban, kowa riƙe da ɗan ƙaramin katin da ya ajiye a aljihun 'yar shara ko ya ɗaure a bakin zane. Wanda ya ɓatar da nasa sai a buɗe masa sabon fayil, tarihinsa na baya ya zauna a kan kanta yana shan ƙura. A ɗakin likita mutum ɗaya ne ke fuskantar cincirindo, ba shi da lokacin dogon rubutu: zazzaɓi, taifot, ciwo a ƙafa, a wanke a ɗaure. A ƙarshen wata jami'in adana bayanai zai bi rajista layi-layi ya cike fom ɗin taƙaitawa na ƙasa, a shigar da shi manhajar DHIS2, alƙaluma su tafi Dutse su wuce Abuja. Fom ɗin yana da layukan da aka riga aka buga. Abin da bai dace da kowane layi ba, sai ya faɗa cikin “sauransu”. Jami'an nan ƙwararru ne, suna da hukumar rajistarsu tun 1989, amma dokar aikinsu ɗaya ce: abin da likita bai rubuta ba, ba su da ikon sa masa lamba. Likita kuma abin da mara lafiya bai faɗa ba, ba zai rubuta ba.

A nan ne alade ke shigowa ta bayan gida. Na gida dai ba shi da nisa da mu kamar yadda muke zato. Kasuwar Katsit kusa da Kafanchan tana cikin manyan kasuwannin aladu a Afirka ta Yamma, ana kiwonsu a ƙasar Zuru, a Filato, a kudancin Gombe da sassan Adamawa. Sannan ga ɗan'uwansa na daji, gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa. Dabbar wannan shiyya ce tun daga Senegal har Habasha, yana son fili mai ciyawa da taɓon da zai yi birgima, wanda ya je Yankari kuma ya gan su suna yawo a tsakar sansanin Wikki ba ko tsoro. Gadu ba ya neman faɗa, amma in karnukan farauta suka ritsa shi, ko aka tare masa bakin rami, da haurensa na ƙasa yake sara, waɗanda kullum suke wasuwa da na sama. Tsayinsa daidai cinya ne da ƙwauri, can kuwa manyan jijiyoyin jini suke.

A ce an kawo wani dattijo ƙaramin asibiti, cinya a yage, an cusa ganye an ɗaure da tsumma.

“Sannu Baba. Me ya ji maka wannan ciwo haka?”

“Wani abu ne a daji, ɗana.”

“Wane irin abu, Baba? Kare ne?”

“Kai dai wanke mini, Allah ya yi maka albarka.”

Malamin asibiti ba zai matsa wa sa'an mahaifinsa ba. Zai rubuta “ciwo a cinya”, shi ke nan. Dattijon kuwa yana gudun a ce me ya haɗa shi da mugun dawa, ko dai ci yake yi. Abin takaici, kunyar ba ta da tushe ko a fiƙihun da muke bi. A mashahurin zancen mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Muhtasar suka sani, duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da yawunsa, ko da kare ne ko alade. Cin naman ne haramun, ba karo da shi a gona ba.

Sanin dabbar kuma yana canza magani. Bakin alade da haurensa cike suke da ƙwayoyin cuta iri-iri, ciwon kuma yakan yi zurfi fiye da yadda bakinsa ke nunawa. Abu na farko a tsayar da jini ta hanyar dannawa da tsumma mai tsabta. Sai a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ba ɗan yayyafi ba. Ba a sa toka, ba a sa ƙasa, ba a zuba man birki. A asibiti za a buɗe a cire mataccen nama, sau da yawa a ƙi ɗinkewa nan take don kada a rufe ruɓa a ciki, a yi allurar tetanus, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin ciwon ya yi ruwa. In dabbar ta fito da rana tsaka ta afka wa mutum ba tare da an tsokane ta ba, sai a yi tunanin cutar haukan kare, wadda ke iya kama kowace dabba mai shayarwa, a fara allurarta ba tare da jira ba. Masu cin naman gadu kuwa suna da nasu haɗarin: a 2009 likitoci a Faransa sun ba da rahoton mutanen da suka kamu da tsutsar trichinella bayan sun ci naman gadu da bai dahu ba a Senegal, cutar da ke zuwa da zazzaɓi, kumburin fatar ido da ciwon tsoka.

Akwai ma cutar da littattafai ke jinginawa ga masu aladu alhali a wurinmu masunta take kamawa. Ƙwayar da ke sa fatar alade ta yi jajayen tabo ita ce ke zaune a yauƙin jikin kifi. Ƙayar tarwaɗa ko ta karfasa ta soki yatsa, bayan kwana biyu zuwa mako wurin ya kumbura, ya yi duhu, yana zafi yana ƙaiƙayi, yana faɗaɗa a hankali. Lambarta A26, penicillin na kashe ta. Mai gyaran kifi a kasuwar Haɗeja zai ce ƙaya ce kawai, ya sayi man shafawa a kemis.

Duk waɗannan ƙanana ne in aka kwatanta da tsila. Bahaushe ya san tsila tun kaka da kakanni, amma wadda ya sani ta shanu ce: a ci tsire ko balangun da wuta ba ta ratsa ba, tsutsa ta girma a hanji, gaɓoɓinta su riƙa fita a bayan gida ko su sulalo da kansu cikin wando. Abin ƙyama ne, amma ba ta cika yin lahani ba. Ta alade a ido kusan ɗaya suke, tana kai mita biyu zuwa bakwai, kowace gaɓa da ta nuna tana ɗauke da ƙwai dubbai. Bambancin shi ne ƙwan ta shanu ba ya ƙyanƙyashewa a jikin mutum, sai a jikin saniya. Ƙwan ta alade kuwa bai damu ba ko cikin alade ya faɗa ko cikin ɗan Adam. In mutum ya haɗiye shi, sai 'ya'yan tsutsar su huda hanji su bi jini, su yi 'yan jakunkuna masu ruwa a tsoka, a ƙarƙashin fata, a ido, a ƙwaƙwalwa.

A lura da hanyar da kyau, don a nan ake ruɗewa. Cin naman alade yana sa tsila a hanji. Abin da ke kai tsutsa ƙwaƙwalwa kuwa ba naman ba ne, ƙwan ne, ƙwan kuma daga bayan gidan mutumin da ke ɗauke da tsilar yake fitowa: ta hannun da ba a wanke da sabulu ba, ta latas da kabejin da aka yi wa ban-ruwa da gurɓataccen ruwa, ta rijiyar da ambaliya ta haɗe da masai. Mutumin da ko sunan alade ba ya son ji zai iya kamuwa.

An ga haka ƙarara a birnin New York a tsakanin 1990 da 1991, inda aka sami mutum huɗu a gidajen Yahudawa masu tsananin riƙo da addini suna fama da tsutsar a ƙwaƙwalwa. Su ma alade haramun ne a wurinsu. Binciken da Peter Schantz da abokan aikinsa suka buga a 1992 ya bi sawun cutar zuwa masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen Latin Amurka. An kuma ba da rahoton irin haka a Kuwait, cikin 'yan ƙasa da ba su taɓa cin naman ba. Tun kafin nan likitocin sojan Birtaniya sun lura da sojojinsu da suka dawo daga Indiya suna faɗuwa farfaɗiya. Nazarin da Dixon da Lipscomb suka fitar a 1961 a kan mutum 450 ya nuna cutar kan yi shiru na shekaru kafin ta bayyana, galibi 'yan shekaru, a wasu kuma fiye da ashirin. Tsutsar tana zaune lafiya muddin tana da rai. Sai ta fara mutuwa jiki ke farga da ita, wurin ya kumbura, mutum ya yanke jiki ya faɗi.

Yanzu a dubi ƙasar Haɗeja da wannan ido. Da an gama girbi matasa sun kama hanyar ci-rani, Legas, Fatakwal, Onica, Jos, Abuja, suna cin abincin bakin titi wata da watanni. Motocin kifi da tattasai da shinkafa da shanu kullum suna kai da komo. Ana turo ma'aikata da 'yan bautar ƙasa daga ko'ina. Ba ina nuna wata ƙabila ko wani addini da yatsa ba, mai ɗauke da tsila shi ma mara lafiya ne, sau da yawa bai ma san yana da ita ba, kuma shan magani sau ɗaya kan raba shi da ita. Abin da nake cewa, rashin alade a gari ba katanga ba ne. Saurayin da ya yi shekara uku yana tura baro a Kudu, ya dawo ya yi aure, bayan shekara biyar ya fara faɗuwa, babu wanda zai haɗa wannan da wancan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da yawa inda aladu ke yawo sakaka cikin mutane, wannan tsutsa ce sanadin kashi 30 cikin ɗari na masu farfaɗiya. Haɗeja ba irin wannan wuri ba ce, kuma farfaɗiyarmu tana da sanadai da suka fi kusa: doguwar naƙuda, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau, faɗuwa a babur ba hular kwano. Amma duk a littafi abu ɗaya suke zama, G40, farfaɗiya, in ma an sa lambar. Kafin a rubuta B69.0, tsutsar alade a ƙwaƙwalwa, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar CT ko MRI, a babban asibiti irin na koyarwa na Malam Aminu Kano, da kuɗin mota da na masauki da na hoto. Kafin a kai nan an riga an zaga wurin masu ruƙiyya da masu turare, don a wurin yawancinmu wanda ya faɗi yana kumfa, mutanen ɓoye ne suka taɓa shi. A guje shi, a ce kada a taɓa yawunsa, in budurwa ce manema su janye. A ƙasar ruwa kuma abin ya fi muni, don wanda ciwon ya tasar wa a cikin kwalekwale ko yana tsaye a fadamar shinkafa ba ya samun wanda zai juya shi a kan haƙarƙari. Alhali wannan nau'in yana cikin farfaɗiyar da ake iya magance tushenta, da albendazole tare da maganin hana kumburi da na hana faɗuwa, a hannun likitan da ya ga hoton.

Akwai labarin da ya kamata a riƙa ba ɗaliban adana bayanan lafiya. A farkon shekarun 1970, a tsaunukan yammacin tsibirin Niyu Gini da ke ƙarƙashin Indonesiya, likitocin asibitin Enarotali suka ga masu mummunar ƙuna sun ƙaru ba gaira ba dalili. Mutanen Ekari na wurin a gefen wuta suke kwana saboda sanyi, tun fil azal haka suke, me ya sa sai yanzu suke faɗawa ciki? Da aka bi diddigi sai aka ga farfaɗiya ce ke jefa su, tsutsar alade ce ta kawo farfaɗiyar, bincike kuma ya danganta shigowarta da aladun da aka kawo daga Bali. Rajistar ƙuna ce ta tona annobar, don wani ya rubuta, wani kuma ya koma ya karanta abin da aka rubuta.

Namu littafin yana da wuyar karantawa haka. Bugu na goma na kundin ICD yana da babi guda na lambobin da ke farawa da R, na alamomin da ba a gano tushensu ba: R50.9 zazzaɓi kawai, R56.8 jijjiga kawai, R99 mutuwar da ba a san sanadinta ba. An tanade su don lalura, amma inda ba kayan gwaji su ne suke zama abincin yau da gobe. Mutuwa kuma yawanci a gida take faruwa. A rasu da asuba, a yi jana'iza kafin azahar, sanarwa ta ce bayan gajeriyar rashin lafiya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kashi 10 cikin ɗari kacal na mace-mace ake yi wa rajista a yankin Afirka, a Turai kuwa kashi 98. Mutanen Haɗeja da Gashuwa sun san farashin wannan giɓi fiye da kowa. Shekara da shekaru ana kukan yawan ciwon ƙoda a garuruwan biyu, ana ta hasashe: maganin feshi ne, ruwan sha ne, zafin rana da ƙishirwa a gona ne, ƙwayoyin kashe ciwo na kemis ne, hawan jini ne, tsargiyar da aka yi sakaci da ita ce. Fayil ɗin da ya ce N18 kawai, ba sana'a, ba unguwa, ba inda mutum ke ɗibar ruwa, ba zai raba wannan gardama ba.

Tsargiya ma tana da wata alaƙa da maganarmu da ba kowa ya sani ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani yadda ya saba a sassa da dama, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, katantanwar da ke ɗauke da cutar ta sami wurin zama. Shi ya sa ake raba praziquantel a makarantu, malami ya tsayar da yaro jikin sandar awo, tsayinsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Magani ne mai kyau, miliyoyin yara suna shan shi lafiya duk shekara, kuma bayan abin da jita-jita ta yi wa rigakafin shan inna a 2003 ba zan so a ɗauki maganata a juya ta ba. Amma maganin nan shi ne kuma ke kashe tsila, da kashi ɗaya bisa huɗu na abin da ake ba mai tsargiya. In ya tarar da tsutsa a ƙwaƙwalwa zai taɓa ta, wurin ya kumbura, ciwon kai ko jijjiga su biyo baya. Don haka ƙa'idar rabon ta ce a tambaya tukuna, yaron da ke da tarihin faɗuwa a ware shi a tura shi wurin likita. Tambayar ba ta cin ko sisi, amma sai iyaye sun yarda sun faɗi abin da suka saba ɓoyewa.

Ta wani gefen Jigawa ta riga ta yi babban aikin, ko da ba da alade a zuciya ta yi shi ba. A watan Oktoban 2022 aka ayyana ta jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili. Tsila, ta shanu ko ta alade, ba ta da hanyar ci gaba in kashin mutum bai kai bakin dabba ko bakin wani mutum ba. Sai dai a wannan daminar ce kuma ambaliya ta cinye garuruwa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da sauransu, masai suka rufta, jama'a suka taru a makarantu da kan tudu. Masai na ƙasa a bakin kogi ba abin da ake ginawa sau ɗaya ba ne.

Saura kwata. Ma'aikacin dabbobi da ke duba nama da asuba yakan tsaga tsokar muƙamuƙi da harshe da zuciyar saniya, yana neman 'yan fararen ƙulli kamar ƙwayar shinkafa, 'ya'yan tsilar shanu ke nan. Abin da ya gani littafin sashen dabbobi yake shiga, abin da likita ya gani na ma'aikatar lafiya. A 2019 ma'aikatun lafiya da noma da muhalli na tarayya sun fitar da tsarin haɗin gwiwa na shekara biyar don irin waɗannan littattafai su riƙa haɗuwa, bayan masana sun zauna a 2017 sun jera cututtukan dabbobi da suka fi barazana ga mutane, inda murar aladu ta shiga sahun farko tare da haukan kare da murar tsuntsaye.

A ɗakin gwaje-gwaje kuwa matsalar ta fi haka ƙanƙanta, ta kuma fi taurin kai. A ƙarƙashin madubin awo, ƙwan tsilar shanu da na tsilar alade ba su da bambanci ko kaɗan. Mai awo zai rubuta ya ga ƙwan tsila, jami'in kati ya sa B68.9, tsilar da ba a tantance ba, alhali B68.1 abin ƙyama ce kawai, B68.0 kuwa haɗari ce ga duk wanda ke cin abinci daga hannun mai ita, har da shi kansa. Hanyar rabewa mai araha ita ce a sami gaɓar tsutsar da ta fito, a matse ta tsakanin gilashi biyu a ƙirga rassan mahaifarta: in ba su wuce 13 a kowane gefe ba ta alade ce, in sun haura 15 ta shanu ce. Wannan gaɓa ita ce mara lafiya ke saurin turbuɗewa da ƙasa don kada kowa ya gani. Sai malamin asibiti ya cire kunya ya ce masa, “Malam, in ta sake fitowa kada ka yar, kada kuma ka taɓa da hannu. Sa tsinke ka jefa ta a kwalba mai murfi da ɗan ruwa, ka wanke hannu da sabulu, ka kawo mini.”